Wai da gaske Faransawa sun raina kiɗan jaz? Labarin Darius Milhaud

Tambaya: Salam malam, ni ɗaliba ce, muna ta gardama da wani ɗan ajinmu, shi ya dage wai manyan masu tsara kiɗa na Faransa raina jaz suka yi, wai kiɗan mashaya ne na baƙaƙen Amurka. Dan Allah haka ne?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata. Ɗan ajin naku yana da ɗan gaskiyarsa, akwai waɗanda suka raina shi kam, amma ki ce masa ya je ya nemi labarin Darius Milhaud, sunan ana furta shi Miyo ne.

An haife shi a 1892 a Marseille, gidan Yahudawa, ya taso a Aix-en-Provence, ya yi karatun kiɗa a Paris. A 1917 ya bi marubuci Paul Claudel zuwa Birazil yana masa sakatare a ofishin jakadanci, to tun a can kunnensa ya fara buɗewa da kiɗan da ba na Turai ba. A 1920 ya ji jaz a Landan, amma abin bai kama shi sosai ba sai 1922 da ya je New York ya shiga unguwar Harlem ya zauna ya saurari baƙaƙen fata suna bugawa da kansu, ganga tana tafiya, kowane mai busa yana jan tasa hanyar amma duk suna haɗuwa wuri guda, wannan ne ya tsaya masa a rai.

Da ya dawo gida ya rubuta La création du monde, wato halittar duniya, kiɗan rawar dandali da aka fara nunawa a Paris a watan Oktoba 1923. Ki lura da shekarar nan, domin Rhapsody in Blue ta George Gershwin ɗan Amurka, wadda kowa ke ambato in ana maganar haɗa jaz da kiɗan Turai, sai a 1924 ta fito. Abin da ke burge ni shi ne mutumin bai yayyafa jaz a sama kamar yaji ba, a'a, ƙaramar ƙungiyar makaɗa ya tara irin wadda ya gani a Harlem, ya ba saksofon, wani abin busa da aka san jaz da shi, babban matsayi, sannan ya ɗauko fugu, tsohon salon Turai na zamanin Bach, tsohon mai tsara kiɗa na Jamus, inda murya ke bin murya, ya zuba masa jaz tun daga tushe. Wallahi in kika saurari farkon inda saksofon ke shigowa a hankali sai jikinki ya yi sanyi.

Inda nake da ƙorafi shi ne labarin rawar, marubuci Blaise Cendrars ne ya tsara shi daga tatsuniyoyin Afirka da ya tattaro a littattafan Turawa, don haka Afirkar da ke ciki ta idon Bature ce, a wajen gaskiya kiɗan ya fi labarin nesa ba kusa ba.

A 1940 Yaƙin Duniya na Biyu ya kore shi zuwa Amurka, ya koyar a Mills College a Kalifoniya, ga ciwon gaɓoɓi da ya kai shi ga keken guragu amma bai daina rubutu ba, ayyukansa sun haura 400. Cikin ɗalibansa akwai Dave Brubeck, shahararren makaɗin jaz na Amurka, wanda Milhaud ya ƙarfafa masa gwiwa kada ya saki jaz, Brubeck ɗin har ya raɗa wa ɗansa suna Darius. Milhaud ya rasu a Geneva a 1974.