Amsa kan Ctrl+Alt+Del da tambayar dalilin kashe Windows Server

Salam malam, na ga tambayarka cewa Windows Server 2019 ɗin da ka saka tana takura maka da Ctrl+Alt+Del kafin ka shiga, kuma in za ka kashe sai ta tsaya tambayarka dalili. To duk biyun ana cirewa, ba wani wahala.

Na farko danna Windows da R tare, ka rubuta secpol.msc, ka shiga Local Policies sai Security Options, a nan za ka ga Interactive logon: Do not require CTRL+ALT+DEL, ka mai da shi Enabled. Eh Enabled fa, sunan ne a juye, nan mutane ke rikicewa.

Shi kuma mai tambayar dalilin sunansa Shutdown Event Tracker, buɗe gpedit.msc ka bi Computer Configuration, Administrative Templates, System, ka nemo Display Shutdown Event Tracker ka sa Disabled, daga nan ka buga gpupdate /force a cmd (wato Command Prompt, tagar da ake rubuta umarni) shikenan.

Amma gaskiya in sabar ofis ce da mutane da yawa ke taɓawa ni dai da ka bar wannan na biyun, don ranar da aka wayi gari wani ya kashe ta cikin dare, dalilin da ya rubuta yana nan a Event Viewer (inda Windows ke ajiye bayanan abin da ya faru) ƙarƙashin lamba 1074 har da sunan akawun ɗinsa, ba sai an tsaya ana rantse-rantse ba. In ta gwaji ce a gida kam cire abinka.

Sannan in sabar tana cikin domain, wato tsarin da ake sarrafa kwamfutocin ofis daga wuri ɗaya, saitin can ne ke danne naka, sai dai ka je ka gyara a Group Policy Management.