Tambaya da Amsa: Sun aike ni sayen man sigina

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni matashi ne, ban daɗe da shiga wata ƙungiyar masoya motoci ba. Corolla gare ni, ina ji da ita ƙwarai, da hannuna nake wanke ta. Damuwata ita ce in an zauna hira sai in koma kamar kurma. Ba sa kiran mota da sunan da ke jikinta, sai dai ka ji E46, W124, 2JZ. Ran nan wani ya ce motarsa "276 ce, kamar yadda aka rubuta", kowa ya kwashe da dariya ban da ni. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne wani babba a cikinsu ya ce siginata tana saurin ƙiftawa ne don man da ke cikinta ya ƙare, in je in sayo man sigina. Na je wurin mai sayar da kayan mota, ya dube ni ya yi ta dariya har da riƙe ciki. Yanzu ba mai kirana da sunana, sai Man Sigina. Malam, wannan wasa ne ko wulaƙanci? In bar ƙungiyar?

*Daga wani sabon shiga*

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Kada ka bar ta tukuna. Amma bari mu fara da siginar, don na lura har yanzu ba wanda ya gaya maka abin da ke damunta. In sigina ta riƙa ƙiftawa da sauri fiye da yadda ta saba, yawanci ƙwai ɗaya ne ya mutu a wannan gefen, ko na gaba ko na baya. Da gangan aka yi ta haka, don direba ya gane daga inda yake zaune. Kunna ta, ka fito ka zagaya motar, za ka ga wanda ba ya kamawa. Wanda ya aike ka ya san wannan sarai, kuma a nan nake ganin laifinsa. Dariyar ba komai ba ce, amma bayanta haƙƙinka ne ya kama hannunka ya nuna maka ƙwan.

Wannan tsokana ba a kanka aka fara ta ba. Tsohuwa ce, ana yi wa sababbin yaran gareji ita a ƙasashe da yawa, kuma tana da 'yan'uwa. Akwai a ce ka sayo fulogin injin dizal, alhali dizal ba ya buƙatar tartsatsi: fiston ne ke matse iska har ta yi zafin da mai zai kama da kansa da zarar an fesa shi. Abin da yake da shi mai kama da fulogi ɗumama injin kawai yake yi kafin a tayar da shi da sanyi. Akwai kuma wadda na fi so, a ce ka duba ruwan lagireton tsohuwar Volkswagen Beetle.

Na ga an yi wa wani yaro wannan a ƙungiyarmu. Ya ɗaga murfin gaba da jarkar ruwa a hannu, bai ga komai ba sai safayar taya da tankin mai. Ya tsaya yana sosa ƙeya. Mai motar, wani dattijo da ba ya yawan magana, ya bari aka gama dariya, sannan ya ja shi baya ya buɗe ƙaramin murfin. Ya ɗora yatsan yaron a kan bel ɗin, ya ce bi shi ka ga inda ya je. Ya nuna masa gidan fankar da ke hura iska, ya sa shi ya durƙusa ya leƙa silinda huɗun da ke kwance biyu-biyu suna ba juna baya, kowace da tsage-tsage a jikinta don zafi ya sami hanyar fita. Ya ce masa wannan injin iska ce ruwansa, in bel ɗin nan ya tsinke ka ci gaba da tafiya, ka kashe shi. Motar da aka ƙera fiye da miliyan 21 daga 1938 har aka rufe a birnin Puebla na Meziko a 2003, ba ɗaya da ta zo da lagireto. Yaron nan yau shi ke kula da motar dattijon. Tsokanar da aka yi yadda ya kamata ke nan, domin kowace irinta akwai wani ilimin inji a ƙarƙashinta, wanda bai sani ba ne kaɗai take kamawa.

Lambobin da suke rikita ka ma haka ne. Ba zaurance ba ne da aka ƙirƙira don a ɓoye maka magana, sunayen da kamfanonin da kansu suke kiran kowane ƙirar mota da su ne a cikin gida. Ɗauki BMW. Tun 1975 suke yin jerin da ake kira 3 Series, kuma rubutun 320i ya fito a bayan kusan kowane zubi. In mutum ya ce maka yana da 320i, bai gaya maka komai ba, don ta 1985 da ta 2002 ba su haɗa ko madubi ba. Amma in ya ce E30, ka san ta shekarun 1980 ce mai kusurwa-kusurwa. In ya ce E46, ka san wadda ta fito a 1998 ce, ka san irin injinta, ka san inda takan ba da wahala, ka san kayan da za su shiga jikinta. Haka W123 da W124 a wajen Mercedes: ta farko ta fara a 1976, ta biyu ta gaje ta a tsakiyar shekarun 1980. Shi kuwa 2JZ ba mota ba ne, injin Toyota ne mai silinda shida a jere, lita uku. Mai turbo biyun (turbo na'ura ce da ke cusa wa injin ƙarin iska don ya ƙara ƙarfi) da ke cikin motar Toyota Supra daga 1993 ya yi suna ne saboda gangar jikinsa ta baƙin ƙarfe ce, tana ɗaukar ƙarin ƙarfi mai yawa ba ta tsage ba. Shi ya sa duk motar da ta lalace sai ka ji wani ya ce "a sa mata 2JZ", ko da kuwa ba inda zai shiga.

Kai ma kana da lamba. Buɗe bonet ko ƙofar direba ka nemi ɗan farantin da aka buga bayanan motar, za ka ga haruffa da lambobin ƙirarta. Kuma kada wani ya raina maka Corolla a cikin masoya motoci. Ɗaya daga cikin motocin da aka fi girmamawa a wannan harka Corolla ce, AE86, wadda aka yi daga 1983 zuwa 1987. A lokacin da sauran 'yan'uwanta suka koma jan gaba, ita aka bar ta tana turawa da tayoyin baya, ga rashin nauyi, ga injin lita 1.6 mai son a ba shi wuta. Japanawa suna ce mata Hachi-Roku, wato takwas-shida da harshensu, duniya kuma ta ɗauka.

Batun 276 yana da daɗi. Daga ƙarshen shekarun 1980 har zuwa 2004, kamfanonin motocin Japan sun yi yarjejeniya a tsakaninsu cewa ba wanda zai tallata motar da za a sayar a cikin ƙasar da ƙarfin da ya wuce doki 280 a ma'auninsu, wanda ya zo daidai da 276 a ma'aunin Ingila da Amurka. Sai aka wayi gari Supra 276, Skyline GT-R 276, manyan motocin gudu kowa 276 a takarda, alhali an san da yawansu sun wuce haka. Supra ɗin da aka kai Amurka da 'yan sauye-sauye, 320 aka rubuta mata. Honda ce ta fara tsallake layin a fili da motarta Legend a 2004. To in ka ji mutum ya ce motarsa 276 ce "kamar yadda aka rubuta", yana nufin akwai abin da bai faɗa ba a ƙarƙashin bonet.

Laƙabi ma yakan ɗauki gargaɗi. Porsche 911 Turbo ta farko, wadda ta fito a 1975, laƙabinta a wurin Turawa shi ne mai sa matan aure takaba. Injinta yana can bayan tayoyin baya, turbo ɗinta kuma yana jinkiri: ka taka totur shiru, sai can ƙarfin ya zo gaba ɗaya. In hakan ya same ka a tsakiyar kwana, ka tsorata ka ɗaga ƙafa, sai bayan motar ya nemi wuce gabanta. Wanda ya san laƙabin ya san yadda zai shiga kwana da ita.

Yanzu ga tambayarka ta gaskiya, wasa ne ko wulaƙanci. Ni abu biyu nake dubawa. Na farko, in ka tambaya, suna amsa maka? Gwada. A zama na gaba ka ce, "Yaya, mene ne bambancin E36 da E46?" Mai son mota na gaske ba ya iya yin shiru a kan irin wannan tambaya, sai ma ka roƙe shi ya tsaya. In kuwa tambayar ma abin dariya ta zama, kuma kullum kai kaɗai ake yi wa, to ba mota suke so ba, wurin nuna isa suka samu, ka nemi wasu. Na biyu, wasan yana taɓa aljihunka ko lafiyarka? Aika mutum neman abin da babu shi ɓata rabin awa ne kawai. Amma a ce ka zuba wani abu a tanki, ko ka buɗe murfin lagireto injin na da zafi, ko a zuga ka ka yi tsere a titin da jama'a ke bi don a daina ce maka sabon shiga, wannan ba na kiransa wasa. Ruwan lagireto mai zafi a matse yake, ya wuce zafin tafasa, yana buɗewa fuska yake nema. Duk wanda ya ce ka yi haka, ka ƙi, ko shi ne shugaban ƙungiyar.

Sunan kuwa, in ka iya, ka amsa shi. A ƙungiyoyin da na sani, wanda ba a damu da shi ba ba a raɗa masa suna. In yana ci maka rai har yanzu, ka sami wanda ya fara a gefe, ba a cikin taro ba, ka gaya masa. Yadda zai karɓi maganar zai nuna maka irin mutanen da kake tare da su.

Tambaya: Malam, barka da aiki. Motata doguwa ce irin ta ɗaukar iyali, fentinta ma ya fara kwantawa, amma injinta mai turbo ne kuma ina kula da shi. 'Yan ƙungiyarmu suna ce mata mai barci. Raini ne don ni mace ce?

*Daga wata mai karatu*

Amsa: Barka kadai, Hajiya. Yabo ne, kuma babba. Mai barci ita ce motar da ba ta nuna ƙarfinta a jiki: ba fiffike a baya, ba salansa mai ƙara, ba sitika, amma in an taka ta sai a bar masu hayaniya a baya. Misalin da ake yawan kawowa shi ne Mercedes 500E ta farkon shekarun 1990. Daga nesa W124 ce kamar kowace, sai wanda ya san kan abin ne zai lura kafaɗun tayoyinta sun ɗan fi faɗi kuma ta ɗan fi kwanciya. A ciki kuwa injin V8 ne mai lita biyar, kuma a masana'antar Porsche da ke Stuttgart aka riƙa haɗa ta. Kishiyarta ita ce motar da aka cika da kwalliya injin bai san an yi ba, wadda ake tsokanar mai ita da cewa kowace sitika ta ƙara masa doki biyar. In da wani raini da kike gani a ƙungiyar, ki rubuto mu tattauna shi da sunansa, amma wannan kalmar ba ta cikinsa.

Tambaya: Malam, an ce wani ɗan ƙungiyarmu ya sa "giyar kuɗi", motarsa tana gareji. Wace giya ce wannan?

*Daga wani mai koyon tuƙi*

Amsa: Allah ya mayar masa da alheri. Wannan a mota mai giyar hannu take faruwa. Mutum yana gudu a ta uku, injin ya kai ƙarshen juyinsa, ya je sa ta huɗu sai hannu ya karkace ya faɗa ta biyu, ya saki kuloci. Na'urar da ke hana injin wuce iyaka man fetur ko tartsatsin fulogi kawai take iya yankewa, a nan kuwa tayoyi ne suke juya injin da ƙarfin tsiya, ba abin da za ta iya. Bawul ba sa samun rufewa a kan lokaci, fiston ya tarar da su ya lanƙwasa. Kuɗin da ke cikin sunan na bakanike ne.

Tunda kana koyo, ka riƙe wannan. Sandar giya in an sake ta a furi, da kanta take komawa layin ta uku da ta huɗu. Saboda haka daga ta uku zuwa ta huɗu ba a damƙe ta, da yatsu ake jawo ta baya kai tsaye, tafin hannu ba ya jan ta wajen ta ɗaya da ta biyu. Kuma in kana sakin kuloci ka ji injin ya fara kururuwa, motar tana neman dungurawa gaba, maza ka mayar da ƙafarka ƙasa kafin ka duba wace giya ka sa.