Kada ka sayar da filinka don yi wa gidan abinci kwalliya

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Mahaifiyarmu ce ta buɗe gidan abinci a Tudun Wada, Kaduna, shekara 16 da suka wuce. Yanzu ƙarfinta ya ragu, ni da ƙannena muke riƙe da shi. Jama'a na zuwa daidai gwargwado, amma duk ƙarshen wata sai mun ci bashi kafin mu biya ma'aikata. Ina kallon shirin Turawan nan da ake zuwa a gyara gidan abincin da ya durƙushe cikin 'yan kwanaki. Ina so in sayar da filina na Rigasa, in sa tayil da fenti da sababbin kujeru, mu ɗauki bidiyo mu sa a TikTok. Ƙanina ne ke karɓar kuɗi, asusunsa ake tura wa, ba ma rubuta komai tunda ciki ɗaya muka fito. Naira miliyan 4 za ta isa?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, ka bar filin nan inda yake. Ka bar jaki kana dukan taiki. Kai da bakinka ka ce jama'a na zuwa. Wanda fenti zai taimaka shi ne wanda mutane ke leƙowa su juya. Ku kuwa ana shigowa, ana ci, ana biya, sannan kuɗin ya ɓace tsakanin hannun mai saye da ƙarshen wata. Ciwonku na cikin jimlarka ta kusa da ƙarshe, wadda ka faɗa kamar ba komai ba: kuɗin shago na shiga asusun ƙaninka, kuma babu mai rubutawa.

Shirin da kake kallo na san shi. Na Gordon Ramsay, shahararren mai dafa abinci ɗan Birtaniya, ya fara a Ingila a 2004, aka yi na Amurka daga 2007. Akwai kuma na Robert Irvine da ya fara a 2011, inda aka riƙa ba shi kwana biyu da dala 10,000 ya gyara gidan abinci. Abu biyu nake so ka lura da su. Kuɗin kwalliyar nan masu shirin ne ke biya, domin su bidiyo suke sayarwa, babu wanda ya sayar da filinsa. Sannan fiye da rabin gidajen abincin da Ramsay ya gyara a shirinsa na Amurka sun rufe daga baya, duk da kujeru da fenti da sunan da suka yi a talabijin, saboda bashin da ke kansu da halin masu su ba su bi motar 'yan kyamara sun tafi ba. Ka sake kallo da idon ɗan kasuwa. Kafin a taɓa bango, sai mutumin ya buɗe firiji ya fito da ruɓaɓɓen nama, ya rage yawan abincin da ake dafawa, ya zaunar da iyalin ya tambaye su nawa ake binsu. Nan aikin yake. Amma kai abin da ka riƙe kawai shi ne minti biyar na ƙarshe, inda ake buɗe ƙofa uwa ta fashe da kuka.

Ban ce ƙaninka ɓarawo ba ne. Mai yiwuwa shi kansa bai san nawa ke bi ta hannunsa ba. An turo kuɗin shinkafa faranti uku, ya sayi kati a ciki. An turo na tuwo, ya zuba mai a babur. Gwaggo ta kira a kan kuɗin asibiti, ya tura. Kowanne da hujjarsa, amma tun da kuɗin shago ya gauraya da na aljihunsa, ko shi ba zai iya raba su ba. Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023, masu saye da yawa ta waya suke biya, don haka babban kason cinikinku ba ya ma ratsa aljihun tebur balle ka gan shi da ido.

Na taɓa zama da wata Hajiya mai abinci kusa da tashar Kawo. Tuwon shinkafarta da miyar taushe, direbobi har layi suke yi. Kuɗinta a gwangwanin madara yake ƙarƙashin benci, duk ɗan gidan da ya zo sai ya ɗaga murfi. Na roƙe ta ta sayi littafi, ta ce ba za ta yi wa 'ya'yan cikinta lissafi ba. Ta kwashi adashi, ta haɗa da kuɗin sarƙarta, ta sa tayil da fanka da allo mai wuta. Wata biyu ciniki ya ƙaru, hannayen da ke shiga gwangwani su ma suka ƙaru, tunda kowa ya ga alamar samu. Ba a rufa shekara ba mai shinkafa ya daina ba ta bashi. Ranar da na koma, wani ne ke sayar da kayan waya a kan tayil ɗin nata. Har yau abin yana cina.

Yi wannan lissafin da kanka. A ce faranti naira 1,500 ne, kuma mutum takwas na gida da abokai ke ci kullum ba biya. Naira 12,000 ke nan a rana, 360,000 a wata. Ban sa kular da ake aikawa gida da dare ba, ban sa naman da ake ƙara wa aboki ba. Ka kwatanta da bashin da kuke ci don biyan albashi, ina kyautata zaton za su yi kusa da juna.

Ga abin da za ka yi cikin makon nan. Ku buɗe asusu na shago shi kaɗai, saƙon shigar kuɗi ya riƙa zuwa wayarka da ta Mama, a manna lambar a bango. Mai zuba abinci daban, mai karɓar kuɗi daban, kowane faranti da 'yar takardarsa, da dare a haɗa takardu da kuɗi. A auna mudu nawa aka ɗora, a ƙirga faranti nawa suka fito. Cefanen kasuwar Bakin Dogo a rubuta shi har kuɗin dako. Kowa a yanka masa albashi, har kai, har Mama, wanda ya ci abinci kuma a rubuta ko da ba zai biya ba.

Na san abin da ke maka nauyi: yadda za ka fuskanci ƙaninka. Kada ka tare shi kai kaɗai, kada ka tono abin da ya wuce. Ka fara samun Mama, ita ta tara ku ta faɗa da bakinta, dokar kuma ta hau kanka kafin ta hau kowa. Za a yi fushi na kwana biyu. Ya fi a ce nan da shekara ɗaya babu fili, babu shago, kuna zargin juna a gabanta.

Ku riƙe littafin nan kwana 60 ba fashi, sannan ka turo mini jimillar ciniki, cefane da albashi. Idan riba ta fito, daga cikinta za mu cire kuɗin fenti, bokiti biyu sun ishe ku farawa.