Tambaya da Amsa: Jar giyar Fotugal da zoɓonmu, me ya haɗa su?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni manomin zoɓo ne daga wani ƙauye a ƙasar Maigatari. Ƙanina yana aiki a gidan abinci a Fotugal, ya turo min bidiyo ta WhatsApp wai mutanen can in za su ci gasasshen ɗan akuya sai da wata jar giya mai kauri a gefe. Ni ba giyar ce ta dame ni ba, Allah ya tsare mu, kalarta ce na ga sak zoɓonmu. Dan Allah meye sirrin haɗin nan, kuma zoɓo zai iya wannan aikin?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya sa albarka a gona, wallahi tambayar nan ta min daɗi.

Giya dai haramun ce, wannan ba sai mun tsaya ja ba. Amma dalilin haɗin ilimi ne kuma zai amfane ka. Mafi shahara cikin jajayen giyar Fotugal masu ƙarfi daga kwarin kogin Douro suke, a arewacin ƙasar, yankin da hukuma ta shata wa iyaka tun 1756, kuma inabinsu da ya fi suna shi ne Touriga Nacional, 'ya'yansa ƙanana ga kaurin fata. A fatar nan da ƙwallon ciki akwai wani sinadari mai suna tanin, shi ke kawo bauri, irin baurin da kake ji in ka ɓantari goro ko ka ciji kanyar da ba ta nuna ba, baki ya bushe harshe ya yi kamar an goge shi da tsumma. Tanin ɗin yana kama furotin ɗin da ke cikin yawu ne, to in ga nama mai maiƙo a baki sai ya koma kan naman, bauri ya ragu maiƙo ma ya wanke, loma ta gaba ta zo kamar yanzu ka fara ci. Shi ya sa suke kawo ta da gashin ɗan akuya ko naman sa.

Zoɓo kuma? Ai makaminsa tsami ne, ga ɗan baurinsa shi ma, kuma tsami yana yanka maiƙo sosai. Matsalar mu ce muke kashe shi, a zuba sikari kamar za a yi alewa, a ƙara filebo, wasu har kanwa suke jefawa ta cinye tsamin, kalar ma ta koma baƙi-baƙi. Wannan na yara ne a ƙulla a leda. In don nama kake so, zaɓi mai duhun ja, ka wanke ƙasar, ka tafasa shi da citta da kanumfari da ɗan masoro, ruwa kaɗan don ya yi kauri, sikari ɗan taɓawa kawai, ka tace ka sa a randa ya huce.

Sai ka gwada shi da balangu mai kitse da zafinsa a takarda, da albasa da yajin ƙuli. Da layyar bana haka na yi da soyayyen naman rago, wanda da yanka huɗu ke gundurata, ranar sai da aka ɗauke kwanon daga gabana. Tsire, farfesun kayan ciki, kai da ƙafa, duk yana tafiya da su. Kilishi ba maiƙo sosai, shi sai ka ɗan ƙara zaƙi saboda yajin. Da fura da nono ko shayi mai madara kam kar ka haɗa, tsamin yana tsinka madara.

Abu ɗaya, zoɓo yana saukar da hawan jini, in akwai mai shan magani a gidan ko mai juna biyu a tambayi likita kafin a ba su mai kaurin nan. Ka gaishe min da ƙanin naka, in mai zuwa ya samu ka aika masa da ko mudu ɗaya ne ya dafa wa abokan aikinsa.