Kyamarar ko-ta-kwana: wacce ta dace in saya?

Tambaya: Malam, ɗaukar hoto nake yi don sha'awa kawai. Ina da Canon 6D da lensi biyu, 50mm da 24-105mm. Kwanan baya ta ƙi kunnuwa ina tsakiyar tafiya, na dawo ba hoto ko ɗaya. An gyara ta, amma hankalina bai kwanta ba. Na ga wata Sony da ta fi ta yawan megafiksel. In saye ta a matsayin ta biyu?

Amsa: Ɗan'uwa, Allah ya kiyaye gaba. Amma Sony ɗin nan, ka ɗan dakata tukuna.

Ba wai ba ta da kyau ba. Matsalar ita ce bakin da ake ɗaura lensi. Lensinka biyu masu bakin EF ne na Canon, ita kuwa Sony bakin E gare ta, ba za su zauna a kanta ba sai da adafta, kuma sau da yawa saurin kama hoto yakan ragu. Batir daban, caja daban, maɓallai ma ba a wuri ɗaya suke ba. Ranar da babbar ta tsaya, tsuntsun da kake hari ba zai jira ka gama laluben inda ake ƙara haske ba. Ka nemo wa kyamararka ƙanwa uwa ɗaya uba ɗaya, wadda za ka cire lensi daga wannan ka murɗa a waccan cikin daƙiƙa biyar, yatsanka kuma ya san hanya ba sai ka duba ba.

A gidan Canon kana da sa'a. Batirin LP-E6 da ke cikin 6D ɗinka yana aiki a 70D da 80D, duka kuma katin ajiyar hoto na SD suke ɗauka. Ni 80D zan nuna maka, wadda ta fito a 2016. Sensarta, wato farantin da ke karɓar haske ya mai da shi hoto, ta fi ta 6D ƙanƙanta, saboda haka duk lensin da ka ɗaura mata sai ka ninka lambarsa da 1.6: 50mm ɗinka zai nuna kamar 80mm, ƙarshen 24-105mm kuma ya kai kamar 168mm. Ka ga ke nan ba zaman jira kaɗai za ta yi a jaka ba, za ta riƙa jawo maka abin da ke nesa. Inda za ta gaza shi ne ɗaki mai ƙunci da kuma wuri mai duhu, a nan 6D ce gwana. Ka lura da abu guda: idan ka saya mata lensi mai alamar EF-S, ba zai hau 6D ba.

Idan kuma zuciyarka na kan kyamarorin zamani marasa madubi a ciki, Canon R6 ta 2020 tana karɓar lensinka ta adaftar EF-EOS R ta Canon, tana da gurbin kati biyu, kowane hoto ya sauka a wuri biyu. Sai dai in ka saye ta, na san ƙarshen zancen: ita za ta zama uwargida, 6D ta koma jaka.

Ta hannu ba laifi ba ce. Ka sa a duba maka adadin hotunan da shatarta, wato labulen da ke buɗewa ya rufe a kowane hoto, ta buga. Irin su 70D da 80D an ƙiyasta shatarsu za ta jure bugu kusan 100,000. Sannan ka ƙuntata ƙofar hasken zuwa f/16, ka ɗauki farin bango, ka buɗe hoton a kwamfuta. Duk ɗigon ƙura da ke kan sensa zai fito ɓaro-ɓaro.

Tambaya: To wayata ba za ta wadatar ba?

Amsa: Ga hoton tunawa da rana tsaka, ta wadatar. Ga abu mai gudu ko na nesa, a'a. Kuma kafin ka kashe kuɗi kan kyamara, ka tanadi batir na biyu da kati na biyu, don su ne suka fi yawan ba mutum kunya. In kyamara ta biyun ta zo, ka daidaita agogonta da na ta farko har zuwa daƙiƙa, in ba haka ba hotunan za su cakuɗe a kwamfuta. Ka riƙa fito da ita duk wata kana ɗaukar 'yan hotuna, batirinta kuma a cire shi idan za ta daɗe a ajiye.