Hukuncin Shigar Mace Fagen Daga, da Zaman Soja Musulmi da Abokan Aiki Masu Neman Jinsi Ɗaya

TAMBAYA

Assalamu alaikum, Allah gafarta Malam. Ni magidanci ne a Marwa, ƙasar Kamaru. 'Yata ta ci jarrabawar Bak, wato ta kammala sakandare, ta kuma nace sai ta shiga aikin soja, tana cewa ko fagen daga aka tura ta ba za ta ja da baya ba. Mahaifiyarta ta ƙi, dangi sun rabu biyu. Yayanta kuwa tuni yana cikin aikin, ana kuma maganar tura rukuninsu horo tare da sojojin Turawa, waɗanda ya ji cewa akwai masu neman jinsi ɗaya a cikinsu da ba sa ɓoye halinsu. Shin ya halatta mace ta ɗauki makami ta yi yaƙi? Kuma yaya ɗana zai zauna da irin waɗannan mutane?

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa.

Alhaji, tambayoyinka biyu sun zo a haɗe ne saboda a ƙasashen Yamma tare aka riƙa muhawara a kansu. Amurka ta soke dokar da ta hana masu neman jinsi ɗaya bayyana kansu a cikin rundunarta a watan Satumba na 2011, a 2013 ta janye haramcin tura mata yaƙin ƙasa, a ƙarshen 2015 kuma ta buɗe musu dukkan muƙaman yaƙi. Birtaniya ta ɗage haramcin da ke kan masu neman jinsi ɗaya tun 2000, ta kammala buɗe wa mata kowane fanni a 2018. A wurin shari'a kuwa mas'aloli ne guda biyu, kowace da asalinta, don haka zan raba su.

Game da mace, asalin hukunci shi ne ba a ɗora mata yaƙi ba. Lokacin da Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, ta nemi izinin yin jihadi, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce mata jihadinsu shi ne aikin Hajji, kamar yadda Bukhari ya ruwaito. A kan wannan malamanmu na Malikiyya suka tafi, har Shehu Halilu a cikin Muhtasar ya lissafa zama mace cikin abubuwan da ke sauke wannan farilla, tare da rashin lafiya da ƙuruciya da makanta da gurguntaka. Sai dai sauke wajibi ba ya nufin haramtawa, kuma a nan ne masu wa'azi da yawa suke yin tuntuɓe. Rubayyi'u 'yar Mu'awwizu ta ce sun kasance suna fita yaƙi tare da Annabi, suna shayar da mayaƙa, suna yi musu hidima, suna mayar da masu rauni da waɗanda aka kashe zuwa Madina. Ummu Aɗiyya ta halarci yaƙoƙi bakwai tana tsaron kaya, tana dafa abinci, tana jinyar raunuka. Ummu Sulaim ta riƙe wuƙa ranar Hunaini, da Annabi ya tambaye ta sai ta ce duk mushrikin da ya kusance ta za ta farke cikinsa, ya yi dariya, bai ce ta ajiye ba. Ummu Ammara, Nusaiba 'yar Ka'abu, ta tsaya tana kāre Annabi ranar Uhudu sa'ad da maza da dama suka watse, daga baya aka sare mata hannu a yaƙin Yamama. Ummu Haram kuwa da bakinta ta roƙi Annabi ya yi mata addu'ar kasancewa cikin mayaƙan teku, ya yi mata, ta kuma rasu a waccan fita a zamanin halifancin Usman.

Wanda ya dubi waɗannan ruwayoyi baki ɗaya zai ga cewa mata sun kasance cikin runduna, galibin aikinsu jinya ne da ruwa da abinci, sun kuma ɗauki makami idan abin ya kai ga haka, amma ba a taɓa jera su a sahun gaba a matsayin tsari na dindindin ba. Ibnu Abbas ya faɗa a cikin amsarsa ga Najda, wani jagoran Hawarijawa da ya tambaye shi, wadda Muslim ya ruwaito, cewa ana ba su kyauta daga ganima, ba a yanka musu cikakken kaso irin na mayaƙi. Masu kafa hujja da Sarauniya Amina ta Zazzau su yi haƙuri, tarihi abin alfahari ne, amma ba a ɗebo hukunci daga gare shi.

Akwai hali ɗaya da hukuncin yake juyawa gaba ɗaya. Halilu ya ce yaƙi yana zama farali a kan kowane mutum idan abokan gaba suka afka wa gari, ko da a kan mace ne, Ibnu Abi Zaid kuma ya ce a cikin Risala ba a neman izinin iyaye a irin wannan hali. Mutanen Fotokol da Kolofata da Amchide, garuruwan kusa da iyakar Najeriya da Boko Haram ta sha afka wa, ba su buƙatar a yi musu sharhin wannan magana. Matar da 'yan Boko Haram suka shigo wa gida tana da cikakken haƙƙin kāre kanta da 'ya'yanta da duk abin da hannunta ya kai gare shi.

Sannan yaƙin da ake yi a Jihar Arewa Mai Nisa ya zo da wata buƙata da ya kamata malami ya kalle ta da idon basira. Tun daga Yuli na 2015, lokacin da aka tayar da bama-bamai a Fotokol, sannan a babbar kasuwar Marwa da unguwar da ke kusa da ita, kowa ya san cewa mayaƙan Boko Haram 'yan mata suke ɗaura wa jigidar bama-bamai. Daga nan binciken jikin mata a shingaye da ƙofofin kasuwa ya zama dole. To, wa zai laluba jikin matarka ko 'yarka idan babu mace a cikin jami'an tsaro? Wa zai saurari matan da aka kuɓutar daga daji, waɗanda ba za su iya faɗa wa namiji abin da aka yi musu ba? Ƙa'idar malamai ita ce, abin da wajibi ba ya cika sai da shi, shi ma wajibi ne. Saboda haka samun mata Musulmi masu amana a asibitocin soja da jandarma da 'yan sanda da wuraren bincike, a ganina, ya wuce matsayin halal kawai, ya shiga cikin abin da al'umma za ta yi laifi idan ta bar shi gaba ɗaya.

Shiga rukunin da ke kwana a daji ana artabu gaba da gaba kuwa, ba na ba 'yarka fatawar ta nema da kanta. Ba don ƙarancin jarunta ba ne. Dalili shi ne akwai mazan da suka ɗauke wannan nauyi, zaman makonni a rami ɗaya da maza ba ya rabuwa da keɓancewar da aka hana, kuma abin da ke samun macen da ta faɗa hannun waɗannan mutane mun gan shi tun sace 'yan matan Chibok a 2014. Ko a sassan da na ambata sai ka bincika da kanka cewa masaukin mata daban yake, za ta iya tsayar da sallarta, tufafinta kuma za su suturta ta gwargwadon iko. Sannan tunda ba afka mana aka yi a yau ba, ƙin mahaifiyarta yana da nauyi a shari'a, domin Annabi ya mayar da mutumin da ya zo neman fita yaƙi alhali iyayensa suna raye, ya ce ya yi jihadinsa wajen yi musu hidima. Kada ta shiga sai uwar ta yarda, kai kuma ka zauna da ita ka bayyana mata bambancin aikin jinya ko bincike da na fagen daga, wataƙila abin da take tsoro ba shi ne abin da za a yi ba.

Game da ɗanka, saduwa tsakanin jinsi ɗaya haramun ce ba tare da saɓani tsakanin mazhabobi ba, ƙissar mutanen Annabi Luɗu tana nan a Suratul A'araf da sauran surori, kuma dokar wata ƙasa ba ta mayar da haram halal. Dokar Kamaru da ta Chadi ma sun hana, don haka batun bayyana kai a cikin rundunoninmu bai taso ba. Abin da ya rage shi ne mu'amala, kuma hukuncinta a sarari yake. Horo ko aiki tare da mutum ba yarda da zunubinsa ba ne, kuma babu rai da ke ɗaukar nauyin wani. Ɗanka ya je, ya koyi abin da aka tura shi koyo, ya tsare addininsa da mutuncinsa, idan an tambaye shi ya faɗi abin da ya yi imani da shi cikin ladabi, kada ya halarci wani taro na murnar wannan hali. Ba shi da izinin zagin kowa ko dukansa ko wulaƙanta shi, domin Allah Ya umarce mu da adalci ko ga wanda muke ƙi, kuma barin abokin aiki cikin hatsari saboda wannan dalili ha'inci ne.

Abin da na fi ji masa tsoro shi ne harshe idan ya dawo bariki. Ana yawan jifar wani da sunan ɗan luwaɗi saboda sanyin muryarsa ko don bai yi aure ba, ko kuma saboda hassadar ƙarin girma. Allah Ya hana bin diddigin asirin mutane a Suratul Hujurat, Risala kuma ta faɗa ƙarara cewa wanda ya kira wani ɗan luwaɗi haddin ƙazafi ya hau kansa, wato bulala tamanin. Ka gaya masa kada ya ɗauki irin wannan magana daga bakin wani, kada ya isar da ita, idan kuma wani ya neme shi ko ya matsa wa na ƙasa da shi da lalata, namiji ne ko mace, ya kai ƙara wurin shugabanninsa ta hanyar da dokar aikin ta tanada.

Allah ne Mafi sani.