Shin kason tarayya ne ke kumbura gwamnatocin jihohi?

Tambaya: Wani mai karatu daga Kawo ya ce: "Duk wata ana rabon kuɗi a Abuja, ina ganin ofisoshi da masu muƙamai na ƙaruwa. Akwai alaƙa tsakaninsu?"

Amsa: Akwai, Malam, kuma mai ƙarfi. Daga asusun tarayya, gwamnatin tarayya na ɗaukar kashi 52.68 cikin ɗari, jihohi 26.72, ƙananan hukumomi 774 kuma 20.60, bayan an ware wa jihohi masu arzikin mai kashi 13 na kuɗin mai. Wannan kuɗi ba gwamna ne ya karɓo shi daga hannun ɗan kasuwar Sheikh Gumi ta Kaduna ba, don haka ba wanda ke tare shi a kansa. Masana tattalin arziki sun daɗe da lura cewa naira ɗaya ta tallafi daga tarayya tana ƙara kashe kuɗin gwamnatin jiha fiye da yadda ƙarin naira ɗaya a aljihun jama'a ke yi. Inda kuɗin ya sauka, nan yake maƙalewa, da wuya a mayar da shi ragin haraji.

Tsarin rabon ma yana ingiza hakan. Kashi 40 na kason jihohi daidai-wa-daida ake raba shi, ba a duba yawan jama'a. Kowace sabuwar jiha tana zuwa da kasonta, tare da majalisa, kwamishinoni da sakatariya. Daga jihohi 12 a 1967 muka kai 36 a 1996, Katsina ma daga Kaduna aka cire ta a 1987.

Inda abin ya fi damuna shi ne albashi. Kason yana hawa da sauka da farashin mai da canjin dala, albashi da fansho kuwa ba sa sauka. Idan an ɗebi ma'aikata lokacin yalwa, nauyin na nan ranar ƙunci. Haka jihohi da dama suka kasa biyan albashi a 2015 da 2016. A 2021 gwamnatin Kaduna ta ce albashi na cinye fiye da kashi 80 na kasonta, ta rage ma'aikata, ƙungiyar ƙwadago ta shiga yajin aiki.

Tallafi mai sharaɗi daban yake. Kuɗin UBEC, hukumar ilimin matakin farko ta tarayya, sai jiha ta ajiye nata daidai da shi kafin ta karɓa, kuma ilimin matakin farko kawai ake kashe wa. Idan za ka auna jiharka, buɗe kasafin kuɗi ka kwatanta albashi da kuɗin gudanarwa da abin da ta tara na haraji da kanta.